Harbin da Baffa Bai Yi Ba

Ranar da aka kai Baffa makwancinsa, gidanmu na Ƙarfi bai ɗauki jama'a ba. Maza sun cika ƙofar gida har gindin darbejiyar masallaci, mu mata muna ciki a kan tabarmi, gwiwa na gugar gwiwa. Damuna ce, masara ta fara goyo, amma mutane suka ajiye fartanya suka zo. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa inda ya kwanta, ya sa abin da ya tarar ya fi abin da ya bari.

Kowa da irin tasa ta'aziyyar. Tsofaffin maharba daga wajen Danja sun zo a kan babura, goyo-goyo. Babbansu ya yi sallama ya shigo har inda Iya, matar Baffa, take zaune, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Mun rasa mutumin da ba ya harbi biyu." Wata Bafillatana da ban taɓa gani ba ta shigo da ƙwaryar nono, ta dire a gaban Iya, ta ɗan zauna, ta tashi ta tafi. Ƙannena sun ce aminin Baffa, wani dattijon coci daga unguwar bayan rafi, ya zauna can gefen tabarmar maza da hularsa a hannu yana ta sharar hawaye, ba wanda ya iya ce masa ya bari. Iya kuwa ko ɗigo ba ta zubar ba. "Ku sha ruwa, ku sha ruwa" kawai take ta yi, sai ka ce ita ce ta zo gaisuwar.

Ina cikin amsa gaisuwa sai na ji raɗa a bayana. Wasu mata biyu ne daga cikin gari.

"Allah sarki, ya tafi ba su shirya da ƙanenshi ba."

"Yo ina za su shirya? Mutumin da ya tsaya da bindiga a hannu yana kallo aladu suka cinye gonar ɗan'uwanshi? Ai ƙeta ce."

Na waiwaya. Nan take kowacce ta shiga gyaran mayafi. Na ci gaba da amsa gaisuwa, don gidan mutuwa ne, amma maganar ta ƙona mini rai. Ƙanen da suke faɗa mahaifina ne. Kalmar ƙeta kuma ba su suka ƙirƙire ta ba. Daga bakin Baba ta fito, a gaban mutane, shekaru da dama da suka wuce, kuma tun daga ranar take bin Baffa duk inda ya sa ƙafa. Ba zan zuba ido ta bi shi har kabari ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ina da hurumin yin magana. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka su biyun "Uwarmu" suke ce mini tun ina zanen goyo, ni kuma na riƙe muƙamin da hannu biyu. Ina aure a Funtuwa, ina koyarwa a firamare, amma in na zo gida ni kaɗai ce ke iya yi wa tsofaffin nan biyu faɗa su sunkuyar da kai suna murmushi.

Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, in yana tafiya ba ka jin takunsa sai dai ka ga mutum a kanka. Manomi ne kamar kowa, harbi kuwa shi ne abin da aka san shi da shi. Bindigarsa ya same ta tun yana da ƙarfinsa, a hannun wani tsohon soja da ya yi ritaya, da takardarta ta hukuma da komai. 'Yar siririya ce, bakinta da ƙyar fensir zai shiga. Sauran maharba adaka suke riƙewa, mai wawakeken baki, a ɗura albarushi a ɗura gutsattsarin ƙarfe, in ta tashi har kajin gari sai sun firgita. Suna yi masa dariya, suna ce wa tasa bindigar harbin kurciya. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge ta da man keken ɗinkin Iya, wanda kullum sai sun yi faɗa a kansa.

Sirrin ba a bindigar yake ba, a harsashin yake. Iri biyu ake samu masu shiga bakinta: akwai mai gajeren kai mara nauyi, akwai mai dogon kai. Baffa mai dogon kai kaɗai yake saye. In babu shi a shagon masu lasisi da yake zuwa a Kaduna, sai ya dawo hannu rabbana, ya jira. A cikin tsohuwar safa yake ƙulle su. Wata rana na ce masa wannan ai wahalar da kai ce, harsashi ai harsashi ne. Sai ya kwance safar, ya lalubo wani gajere da ya ajiye don nuni, ya ɗora mini shi a tafin hagu, ya ɗora dogon a na dama.

"Kin ji bambanci?"

"Kaɗan."

"To kaɗan ɗin nan shi ne komi, Uwarmu. Wannan mai sauƙin ya fi gudu, amma ba shi da zuciya. Da ya gamu da ƙashin kafaɗa sai ya tarwatse a nan, dabba ta gudu da rauni ta je ta ruɓe a daji. Wannan mai nauyin ba ya gaggawa, iska ma ba ta cika kaɗa shi ba. Amma in ya kama hanya ba ya fasawa, ko ƙashi ne sai ya ratsa."

Na ce, "Ashe ɗan gidan nan ne." Ya yi dariya har da tari.

Mu mata ba ma zuwa daji, amma mun fi kowa sanin hannun maharbi, don mu ke gyara nama. Naman masu adaka a hankali ake tauna shi. Gwaggo, yayarsu, har ta koma ga Allah da giɓi a baki saboda guntun ƙarfen da ta ci karo da shi a cinyar zomo. Naman Baffa kuwa, gada ce ko barewa, huda ɗaya za ki gani a bayan kafaɗa, ki juya ki ga 'yar'uwarta a ɗaya gefen. Iya tana ce musu ƙofar shiga da ƙofar fita. Ba ya harbin dabba tana gudu, ba ya harbi daga nesa don a ce ya iya. Zai yi ta rarrafe har ya matso, ya yi bisimilla, ya harba, ya ruga da wuƙa ya yanka.

Sau ɗaya na ga ransa ya ɓaci a kan harbi. Wani baƙo ne ya zo daga birni da bindiga irin tasa da harsasai marasa nauyi, ya sami gada a kafaɗa, ta faɗi ta tashi ta shige ƙaya. Baƙon ya ce a ƙyale ta, ai daji ba ya rasa wata. Baffa ya juya ya nufi ƙayar. Ya bi ɗigon jini tun hantsi har rana ta yi sanyi, sai da ya same ta ya hutar da ita. Da ya dawo ya ba baƙon naman gaba ɗaya, ya ce wa Iya ta ɗauke tuwonsa ba zai iya ci ba. Baƙon bai sake samun rakiyarsa ba.

Ƙofar fitar nan ita ce damuwar Baffa duk rayuwarsa. Harsashi mai nauyi in ya ratsa dabba ba ya tsayawa a nan, gaba yake yi, kuma ba ya tambayar wa zai tarar. Don haka ya kafa wa kansa doka: in babu ƙasa a bayan dabba, babu harbi. Ko gaɓar rafi, ko tudu, ko suri. Duk surin da ke tsakanin Ƙarfi da rafi ya san shi kamar ɗakunan gidansa, kuma yana bin manoma yana roƙo kada su rushe na bakin gonakinsu. Har aka fara cewa aljanunsa ne a ciki. In ya ji sai ya ce, "Ba aljani ko ɗaya. Katanga ce gara ta gina mani kyauta."

Da damuna aikinsa ya fi yawa, don aladun daji kan fito daga kurmin rafi su faɗa wa masara. Mai gona zai zo ya yi sallama, Baffa ya bi shi da sassafe ya duba sawu, ya zaɓi surin da zai sa a bayansu, ya zauna jira. In ya kayar da gadu, wato aladen, ko taɓa shi ba ya yi. Aike yake yi wa amininsa dattijon coci, shi kuma ya zo da 'ya'yansa da amalanke su ɗauka. Da kaka dattijon kan aiko masa da zuma a galan. Liman ya taɓa yi masa ƙorafi a kan wannan, Baffa ya ce, "Malam, ni gona na tsare. Abin da ya faɗi kuma, mai ci ya ɗauka, ya fi a bar wa ungulu." Gonakin matan da mazajensu suka rasu su yake fara zagayawa, kuma ko goyon masara ɗaya ba ya karɓa a hannunsu.

A lokacin Baffa da Baba gandu ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya, kwano ɗaya a zaure. Baba ya yi furfura ya je Makka, amma Baffa bai daina ce masa "Auta" ba, shi kuma "Yaya". Baba mutum ne mai zafin nema, mai son sabon abu, kuma ba na ganin laifinsa a kan haka, da zafin neman nan ya yi mana makaranta. Wata shekara ya ɗauko hayar tarakta don babbar gonarsu ta bakin fadama. A gefen gabas na gonar akwai wani ƙaton suri da ya fi mutum tsawo. Baffa ya tafi kasuwar Malumfashi ran nan, Baba ya ce wa direba ya baje shi.

Da Baffa ya dawo ya je ya tsaya a wurin, ya daɗe, sannan ya ce, "Auta, ka rushe mani katanga."

"Haba Yaya, ka dubi kunya nawa za ta fito a nan. Gara za mu ciyar ko ɗiya?"

Masara kuwa ta yi kyau a shekarar, irin kyan da masu wucewa ke tsayawa su ce tubarkalla.

Ina gida a lokacin, na zo wankan jego. Ban je gonar ba, amma su biyun kowa ya ba ni labarin abin da ya faru, daban-daban, kuma abin mamaki ko a kalma ɗaya ba su saɓa ba. Masara na nuna sai aladu suka gano ta. Bayan sallar asuba, gari ya waye tangaran, suka tafi tare. Suka tarar da garke guda a gefen gabas, da wani ƙaton gadu mai haure a gaba, ya ba su haƙarƙari, a tsaye cak daidai inda surin nan yake a da. A bayansa fili ne shimfiɗe, sai gonar dawa ta maƙwabci, a bayan dawar kuma hanya ce, wadda matan ruga ke bi su kawo nono gari, 'yan makaranta ma ita suke bi. Baffa ya ɗaga bindiga, ya saita, sai ya sauke.

"Yaya, harba mana!"

"Mi ke bayanshi?"

"Ba kowa! Wa zai biyo hanya da sassafen nan?"

"Ka gani da idonka?"

"Dawa ta rufe, amma na san ba kowa."

"To ni ban sani ba."

Ya fara zagayawa don ya sa gaɓar fadama a bayan gadun, iska ta juya, suka shaƙi warin mutum, suka ɓarke ta tsakiyar masara. Baba don haushi ya ruga har hanyar ya duba. Gaskiya dai ɗaya ce, kuma zan faɗe ta ko da ba ta taimaki wanda nake karewa ba: babu kowa a hanyar. Ko akuya babu.

Baffa bai zauna ba. Ya ɗaura itace a kan ɗorawar da ke kudu da gonar, ya riƙa hawa da gwiwarsa mai ciwo don ya harba daga sama, harsashi ya nutse a ƙasa. Amma aladu sun riga sun farga, suka sauya lokaci suka sauya mashiga. Kafin ya sami ƙaton nan, masara ta kwanta. Abincin shekara ne na gida mai baki da yawa. A shekarar aka ga 'yan gidanmu da buhu a kasuwa suna awon hatsi, abin da ba a taɓa gani ba tun zamanin kakanmu, kuma Baba ya ji kunyar nan fiye da yunwar.

Wata la'asar ana zaune a gindin darbejiya, wani mai neman magana ya tambayi Baba yadda aka yi gona guda ta salwanta alhali maharbi na cikin gida. Baffa na zaune a wurin. Baba ya ce, "Ku tambaye shi, ga shi nan. Ya bar aladu sun cinye abincin ɗiyana don ya rama surin da na rushe. Ƙeta ce, ba komi ba." Baffa ya tashi ya kaɗe rigarsa ya shiga gida.

Da kaka aka raba gandu. Aka kafa zana a tsakar gida, daga baya zanar ta zama katangar ƙasa. Ba su yi gaba ba, su a ganinsu, don kowa ya san hukuncin gaba. Kullum safiya sai sun gaisa, gaisuwa cikakkiya har da tambayar iyali. Sai dai "Yaya" ya koma "Malam", "Auta" ya koma "Alhaji", kwano kuma ya zama biyu. Na tsani gaisuwar nan. Da su yi ta, gara a ce zagin juna suke yi, da na san akwai sauran zafi a ciki.

Ba irin ƙoƙarin da ban yi ba. In na shiga wajen Baffa na ce ya ba ƙanensa haƙuri a wuce wurin, sai ya ce, "A kan mi, Uwarmu? Wallahi masarar nan ta fi ƙona mani rai a kanshi. Amma in na ce na yi kuskure, ƙarya na yi, kuma gobe wani yaro zai ji ya harba." In na zagaya wajen Baba na ce ya janye kalmar nan, sai ya ce, "Hanya ba kowa. Ni na je na duba da ƙafata." Haka zan yi ta safa da marwa tsakanin katanga har hutuna ya ƙare in koma Funtuwa da ciwon kai.

Ni dai na san inda na tsaya, kuma na faɗa wa Baba a gaban idonsa. Ya yi gaskiya a kan hanya, bai yi gaskiya a kan zuciyar yayansa ba. Mai ƙeta ba ya hawa ɗorawa da gwiwa mai ciwo. Bayan an raba gandu ma, duk damuna Baffa sai ya zagaya gonar Baba da sassafe, Baba kuma yana ganin sawunsa a kan kunya, ya yi kamar bai gani ba. Amma mutanen gari ba sawu suke bi ba, abin da aka faɗa a gindin darbejiya shi suka riƙe. Da zamani ya lalace, daji ya daina shiguwa, samari suka zo neman aron bindigar don tsaron gari. Ya ce musu ba don mutum aka yi ta ba, kuma a cikin gari babu inda za a harba ta ba ɗakin wani a baya. Ya ɗauke ta da takardarta ya miƙa wa hukuma. Aka ce ai ga halin nan nasa ya sake fitowa. Ya ji, kuma Iya ta ce mini ranar ya daɗe zaune a bakin gado yana kallon ƙusar da yake rataye ta.

Bana ciwon zuciya ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura, aka kai shi asibiti a Malumfashi. Na ɗauki hutu na zo na zauna da Iya. Baba yana zuwa kullum, ba ya fashi, da lemo a leda. Zai tsaya a wajen ƙafafun gado ya ce, "Ya jiki, Malam?" Baffa ya ga bakinsa ya motsa ya ce, "Da sauƙi, Alhaji." Ya ajiye leda ya juya. Dubiya dai irin ta maƙwabcin kirki.

Ran nan da hantsi likita ya kira ni gefe ya ce duk wanda ya kamata ya zo, a kira shi. Ina fitowa na ci karo da Baba a baranda, ya ajiye ledarsa zai tafi. Na sha gabansa.

"Baba, yau ba wasa nake ba. Likita ya ce a kira dangi. Kai ka ɗora mashi kalmar nan, kai kaɗai ke iya sauke ta. In ya tafi da ita, shi ya huta, kai za ka zauna da ita har naka lokacin."

Ya dube ni kamar zai mare ni. Ya ce, "Ke ba ki da kunya ko?" Na ce sunan uwarsa gare ni, a wajenta na gado. Ya wuce ni fuu ya nufi ƙofar asibiti. Ina hango shi ya tsaya wajen masu keke napep, wani har ya tayar da inji. Na ce shi ke nan na ɓata. Ya daɗe a tsaye yana gyara hular da ba ta karkace ba. Sai na ga ya juyo.

Ɗakin maza ne, gadaje a jere, kowane da masu jinya da kwanuka da filas. Baba ya wuce ƙafafun gado inda ya saba tsayawa, ya je ta hagun Baffa, ya sunkuya daidai kunnensa ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Baffa na kallon silin, ko gezau. Baba ya ɗago fuska a murtuke, ya ɗauka ƙyale shi aka yi.

Iya ta ce, "Alhaji, wannan kunnen ai ya daɗe da mutuwa. Ɗayan ma sai an ɗaga murya."

Na ga maganar ta doki Baba. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, kullum suna gaisawa, amma bai san yayansa ya kurumce ba. Ya zagaya ta dama. Ya dubi ɗakin, ɗakin ma shi yake kallo. Na san Baba, na san abin da girma yake nufi a wajensa, kuma na ɗauka a nan zai tsaya. Sai ya yi gyaran murya, ya buɗe baki kamar mai kiran salla.

"Yaya! Maganar da na yi a gindin darbejiya, ƙarya na yi maka! Ba ƙeta ba ce! Haushi ne ya sa ni, na janye!"

Wani mai karaya a gadon ƙarshe ya ce, "Allahu akbar." Yanzu in na tuna, ina ma a ce matan nan biyu masu gyaran mayafi suna wurin.

Baffa ya juyo da kai a hankali, ya ƙare masa kallo, ya ce, "To mi na ihu, Auta? Asibiti ne fa."

Dariya ta ɓarke har gadajen nesa, ni ina yi ina hawaye. Baba bai yi dariya ba. Ya sake sunkuyawa, da ƙarfi dai, ya ce, "Amma hanya ba kowa."

"Ba kowa," in ji Baffa. "Kuma in an maida ni wurin yau, ba ni harbawa."

"Na sani."

"To zauna mana, ka tsaya mani a kai."

Baba ya tattara babbar rigarsa ya zauna a bakin gado. Baffa ya lalubo wuyan hannunsa ya riƙe. Ni da Iya muka ja baya muka zauna a tabarma, muka bar musu wurin. Suka shiga hira, Baba na ɗaga murya, Baffa na amsawa a hankali. Ruwan bana, wa ya rasu wa ya rage a cikin sa'o'insu, furar mahaifiyarsu da ba a sake dama irinta ba, wani jakin kakansu da ya taɓa kayar da su biyu a cikin rafi. Baba ya ce shi ne a gaba, Baffa ya ce ƙarya ne shi ne a gaba, suka ɗan yi musu a kai. Aka kira azahar. Baba, wanda ban taɓa ganin jam'i ya wuce shi ba, ya dubi hannun da ke riƙe da nasa, bai motsa ba.

Can Baffa ya yi kalmar shahada, yadda ya saba in barci zai ɗauke shi, ya lumshe ido. Baba ya ci gaba da ba shi labarin masarar bana, yadda ta yi duhu a bakin fadama, da irin da ya sauya, da yadda yake so in an sallame shi su je tare ya gani. Iya ta daina jan carbi. Ta kama gefen zanena ta riƙe.

Wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa, ta tsaya, ta dawo. Ta kama ɗaya hannun Baffa ta riƙe, ta sa abin awo a ƙirjinsa, ta daɗe tana saurare. Ta dubi Iya, ta dube ni. Sannan ta rage murya ta ce wa Baba, "Baba, sai haƙuri. Ka ɗan zare hannunka."

Baba ya ɗago ya dube ta, ya mayar da ido kan yayansa.

Ya ce, "Yarinya, ɗan dakata mana. Yanzu fa muka fara hira."